NAƘUDA ƊAYA CE

Na san abin da kuka saba gani daga alƙalamina shi ne labaran soyayya da na zaman kishi da rikicin gidan aure. To yau dai zancen karya na zo muku da shi. Kada wani ya yi saurin cewa ai dama ku marubuta sana'arku ke nan. Karya nake nufi, matar kare, ba wadda ake shararawa da baki ba. Na kuma san akwai wadda tun daga nan za ta yatsine fuska ta ce, "Ashsha! Duk abin rubutu ya ƙare a duniya sai kare?" Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki biyo ni sannu a hankali, in mun kai ƙarshe sai ki yanke mini hukuncin da kika ga ya dace.

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: idan rai yana cikin azaba a gabanka, kana kuma da ikon sauƙaƙa masa, shin ƙyamar da kake yi wa mai ran ta isa hujjar da za ka juya masa baya? Sannan a garin da mata 'yan Adam ke mutuwa wajen haihuwa, ya kyautu mutum ya hana idonsa barci saboda haihuwar dabba? Ban samo tambayoyin nan a littafi ba. A ƙarƙashin rumbu na tsince su, cikin wani dare na hunturun shekarar 2023.

Ni haifaffiyar Boɗinga ce, aure ya kai ni Shagari, garin marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Gidan da aka kai ni babban gida ne na noma da kiwo, ga rumbunan gero da dawa a bayan gida, ga turakun tumaki da jajayen awaki irin namu na Sakkwato. Saboda ɓarayin dabbobi ne ƙanen maigidana ya samo wata 'yar karya tun tana kwikwiya ya ajiye. Sunanta Barsu, irin sunan habaicin nan da mutanenmu kan laƙaba wa kare. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, ko da ta gama girma ba ta wuce ɗan akuya ɗan wata uku ba. Ba ta shiga ɗaki, ba ta kusantar madafi ko randa, wurin kwananta gindin turke, abincinta ƙanzo da ragowar tuwo a wani fasasshen kasko. Amma sau biyu a sanina haushinta ya tashi mutanen gida cikin dare aka iske an fara kwance awaki. Kowa a gidan ya ci moriyarta, babu kuma wanda ya taɓa yi mata kallon arziki. In ta gifta a daka mata tsawa, in yara sun gan ta su bi ta da jifa. Ni ma ban fita daga cikin masu tsawar ba.

Wani ƙaton karen 'yan farauta ne ya bi ta, wanda ya ninka ta biyu a girma. Cikin karya wata biyu ne da 'yan kwanaki, kimanin kwana 63. Ranar da kwanakin suka cika, tun safe ta ƙi cin ƙanzonta, tana ta kai da kawowa tana haki, tana tonon ƙasa a ƙarƙashin rumbu. Mai ita ya tafi ci-rani, maigidana kuma ya yi tafiyar da ba zai kwana gida ba. Daga mu mata da yara sai tsohon surukina da idonsa ya yi rauni.

Wajen ƙarfe 11 na dare, sanyi ya kankama kowa ya shige ɗaki, sai na jiyo wani sauti daga bayan gida. Nishi ne mai fitowa daga can ƙasan ciki, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Na ja bargo na rufe kaina na ce ina ruwana. Sai dai jikina ya riga ya gane shi. A shekarar 2014, haihuwata ta fari, kwana biyu na yi a durƙushe a ɗakin mahaifiyata a Boɗinga ina irin wannan nishin, ina cije bakin zane don kada a ji muryata a ce ba ni da kunya. Kafin a gama shawarar neman mota a kai ni asibiti, yaron ya riga ya koma tun a ciki. Wadda ta taɓa yin nishin nan ba ta mance shi, ko daga bakin wa ya fito.

Na ɗauki tocila na fita. Na iske ta kwance a ramin da ta tona, jikinta na rawa, wani ruwa kore-kore mai duhu ya ɓata mata cinyoyi. Da na haska da kyau sai na ga 'yan ƙafafu biyu da ɗan wutsiya sun leƙo, sauran jikin ya ƙi fitowa. Ta yunƙura, abin bai motsa ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta mayar ta kwantar.

Ina nan tsugune sai na ji tafiyar Gwaggo a bayana, wato ƙanwar surukina, tsohuwar unguwarzoma wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu.

"Ke ɗiyag ga, mi kika yi nan tsakad dare?"

Na ce, "Barsu ta, Gwaggo. Naƙuda takai, ɗan ya kakare."

"Subhanallahi! Karya? Da hannun da kika tuƙa muna tuwo za ki taɓa ta? Tashi ki koma ɗaki. Wanda yay yi ta shi ka sauke ta."

Ban tashi ba, ban kuma mayar mata da magana ba. Na ciro waya na kira ɗan kawuna wanda ya karanci likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Da magagin barci ya ɗauka, amma da jin bayanina ya wartsake. Ya ce, "Yaya, tun yaushe take yunƙurin nan?" Na ce ya fi awa ɗaya da na fara jin ta. Ya ce karya in ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, to akwai matsala. Koren ruwan nan kuma, in ya riga ɗan farko fitowa, alamar mabiyiya ta rabu da mahaifa ke nan, ɗan ba ya samun abin da yake rayuwa da shi. Fitowa ta ƙafa ba laifi ba ce a wurin karnuka, da yawa haka ake haihuwarsu, girman ɗan ne ya fi ƙarfin ƙugunta. Ya ce gaskiya asibitin dabbobi ya kamata a kai ta, amma ya san babu motar da zan samu zuwa Sakkwato a daren nan, don haka in saurara da kyau.

Ya ce da farko in samu tsumma in ɗaure mata baki, ba da ƙarfi ba, domin kare mai jin ciwo yakan ciji ko da mai shi ne. Allah ya taimaka shi da kansa ya yi mata allurar rigakafin haukan kare da ya zo mana yawon salla, ba don haka ba ya ce da bai yarda in taɓa ta ba. In wanke hannu da sabulu, in sa leda mai tsabta a hannuwana, in shafa mai a jikin ɗan da kewayen wurin. In kama shi da tsumma mai tsabta ta ƙugu, kada in ja ƙafa ɗaya ko wutsiya, sai su ɓalle. Kada in ja sai lokacin da ta yunƙura, in kuma ja a hankali zuwa ƙasa, wajen ƙafafunta. Ya gargaɗe ni kada in yarda kowa ya kawo shawarar allurar naƙuda, domin in hanya a toshe take aka ƙara wa mahaifa ƙarfi, fashewa za ta yi. In na gwada na ɗan lokaci ya ƙi, in bar ta, da asuba a nemi mota, sai dai aiki.

Na aje wayar ina tunanin inda zan samo mai, sai na ga an dangwarar da kwalbar man gyaɗa kusa da ƙafata. Ashe Gwaggo ba ta koma ɗaki ba. Ta karɓi tocilar daga hannuna ba tare da ta ce uffan ba. Na kama ɗan, hannuna na karkarwa, na fara ja. Sai ta ce, "A'a, ba haka aka yi ba. Jira ta. Ki bari sai ta kawo, sannan ki bi ta." Muka jira. Da cikin ya murɗa sai ta ce, "Yanzu!" Na ja kaɗan. Muka sake jira. A karo na huɗu ko na biyar ya sulluɓo hannuna. Ƙato ne, kamannin ubansa sak, amma babu rai. Na goge shi na murza shi kamar yadda aka ce mini, shiru. Gwaggo ta ce, "Wanga ya riga mu gidan gaskiya. Aje shi, akwai saura."

Bayan kamar minti 40 na biyu ya fito cikin rigarsa. A al'ada uwar ce ke yaga rigar da haƙori, ta lashe ɗan har ya yi numfashi, ta gutsure cibiya. Barsu kuwa ko kai ta kasa ɗagawa. Na yaga rigar ta wajen fuska, na share masa hanci da baki, na dinga murza bayansa da busasshen tsumma, kansa na ɗan kallon ƙasa. Can sai ya yi wani ɗan tsiririn kuka. Wallahi 'yan uwa sai da hawaye suka zubo mini, domin kukan da na yi kwana biyu ina jira a 2014 ke nan ban ji ba. Gwaggo ta tsinko zare daga bakin gyalenta ta miƙo mini, na ɗaure cibiyar kamar faɗin yatsa biyu daga ciki, na yanke da sabuwar reza. Na kwance mata baki na tura shi gabanta. Ta shinshina shi, ta fara lasa. Na uku da na huɗu da kanta ta haife su ta gyara abinta. Muka ƙirga mabiyiya kamar yadda likitan ya ce, domin in ɗaya ta saura a ciki takan ruɓe ta kashe uwar. Ana kiran assalatu 'ya'ya uku na shan dakashi. Na haƙa rami na binne mataccen, na yi wanka da sabulu, na sake tufafi, na jiƙa waɗanda na tuɓe, na yi alwala na yi sallata.

Kafin hantsi labari ya gama unguwa. Maganganu iri uku na sha, kuma su ne dalilin rubutun nan.

Ta farko ita ce ta najasa. Akwai wadda ta ƙi karɓar ruwa daga hannuna ranar. Abin ya dame ni har na kai tambaya wurin malamin da muke ɗaukar karatu a Islamiyya. Ya tuna mini cewa mu nan fiƙihun Malikiyya muka gada. Irin su Risala da Muhtasar ake karantawa a ƙasar nan tun lokacin da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. A mazhabar Imam Malik, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, malaman mazhabar sun ɗauke shi bin umarni ne na ibada. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, su ma da hujjojinsu. Jinin da ya zuba, da fitsarinta, da mushen ɗan, waɗannan najasa ne babu musu. To amma jinin haihuwar mutum ma ai najasa ne, ba a kuma taɓa jin unguwarzoma ta bar mace a durƙushe saboda tsoron ɓata hannu ba. Najasa ruwa ke kawar da ita. Ni da na taɓa ta, bokiti biyu da sabulu suka raba ni da ita kafin alfijir. Da na bar dabbar nan ta mutu ina ji ina gani, ban san ruwan da zai wanke wannan ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kowa ya ajiye kare a ɗaki ko a kan tabarmar salla ba. Shari'a ta yi izinin ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, ta kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi haka kawai. Barsu tsaron dabbobi take yi. Kuma addinin da ya sa wannan iyaka shi ne ya ba mu labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Shi ne ya ba mu labarin wata mai zaman kanta daga Banu Isra'ila da ta yi irin wannan aikin aka yafe mata. Duka suna cikin Buhari da Muslim. Ki duba abin mamaki 'yar uwa: a Hausa in za a ci mutuncin irin wannan mata, karya ake kiranta. Ga shi kuwa ta dalilin kare ta sami abin da masu zagin nata ba su da tabbacin samu.

Magana ta biyu ita ce irin ta Gwaggo, cewa dabba Allah ke sauke ta, shisshigi ne mutum ya sa hannu. Gaskiya ne mafi yawan karnuka su kaɗai suke haihuwa ba wanda ya sani, likitan ma ya ce yawan damun mai naƙuda da leƙe yana iya tsayar mata da haihuwar. Amma in akuya ce ɗa ya kakare mata, wa zai tsaya jan wannan zance? Nan da nan za a taru, a kira mai sani, a shafa mai, a ja, saboda akuya kuɗi ce. Ashe ke nan tawakkalin namu yana da ido, yana duba farashi kafin ya sauka. Karyar nan ba daga daji ta faɗo mana ba. Mu muka kawo ta, muka sa ta kwana cikin sanyi muna barci, muka amfana da haushinta. Duk ran da ka ajiye a ƙarƙashin ikonka amana ce a wuyanka. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa, ba dukanta ta yi ba, ba yanka ta ta yi ba. Tsare ta kawai ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wato akwai laifin da ake yi da hannu a naɗe.

Magana ta uku ita ce ta hana ni barci, har yau kuma ba ta sake ni ba. Maƙwabciyarmu ce ta shigo da hantsi, wadda 'yarta ta rasu a daminar 2021 wajen haihuwar fari. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya daga nesa ta dubi gindin rumbun, sannan ta dube ni ta ce, "Na ji an ce jiya hal Sakkwato anka buga waya don karya. Ɗiyata kwana ukku tana durƙushe, ba wanda yab buga ma kowa waya. Ashe karya ta hi ta gata." Ta juya ta fita.

Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Ina cikin matan da suka shiga ɗakin yarinyar nan a rana ta biyu, muka yi mata sannu, muka ce Allah ya sauke ki lafiya, muka fito. Ni da na san abin da kwana biyu ke nufi a jikina, na ga idonta ya faɗa, na ga leɓenta ya bushe, amma na ce ba gidanmu ba ne, ga manya a wurin, mijinta ba ya gari kuma ba a fita da mace sai da izninsa. Na koma gida na ɗora tukunya.

Na daɗe ina juya maganar matar nan. Da farko na ɗauka tana nufin na ɗebi tausayin da ya kamaci mutum na zuba wa dabba. In haka ne, to tausayi ya zama kamar geron rumbu, wanda in ka auni mudu ka ba wani, mudu ya ragu. Amma da na duba sosai sai na ga ba a kashe rabon yarinyar nan a kan wani kare ba. A ranakun nan uku babu wanda ke jinyar dabba a unguwarmu. Abin da ya kashe ta kalmomi ne da na sake ji a daren Barsu, wasu daga bakin Gwaggo, wasu daga cikin bargona: ina ruwana, wanda ya yi ta shi zai sauke ta, me mutane za su ce. Zuciyar da ta saba jin nishi ta ja bargo, ba ta tsayawa tambayar nishin wa ne. Yaron da aka bari yana jifan karya mai ciki ana dariya, an fara koya masa ke nan cewa akwai ciwon da ba a lissafa shi. In ya girma, shi zai zaɓi wanda zai sa a cikin wannan sahun, wata rana kuma matarsa ce.

Ba ina daidaita mutum da dabba ba ne, Allah ya kiyaye. Da mota ɗaya ce a ƙofar gida, ga mace ga karya, ko tunani ba zan tsaya yi ba. Sai dai irin wannan zaɓin ba kasafai yake zuwa ba. Abin da ya fi zuwa shi ne mu fake da cewa mutane ma ba su samu ba balle dabba, sannan mu ƙi yi wa dabbar, mu ƙi yi wa mutanen.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne agogo. Likitan dabbobi ya ce karya rabin awa aka ba ta, in ta wuce a tashi tsaye. Ni kwana biyu aka ba ni, 'yar maƙwabciyata kwana uku. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa cewa naƙudar da ta wuce awa 12, ko zubar jini, ko jijjiga, ko hannu ko cibiya su riga kai fitowa, duk alamun a garzaya asibiti ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Waɗanda suka tsira da rai daga doguwar naƙuda kuwa, je ki Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato ki ga masu yoyon fitsari, yawancinsu yara ƙanana, kan ɗa ya daɗe yana danne musu mafitsara har naman wurin ya mutu. Talauci na ciki, nisan asibiti na ciki, rashin mota cikin dare na ciki. Amma kafin duk waɗannan akwai awannin da ake ɓatawa a tsakar gida ana kallon juna. Mu mata muna yawan cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In da gaske muke, to waɗannan awannin a hannunmu suke.

Dole kuma in yi gargaɗi, kada wata ta karanta wannan ta je ta rungumi karen bola. Haukan kare gaskiya ne, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai wani ikon Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta cizon kare. Wanda ya ajiye kare ya yi masa rigakafi, wannan ma cikin haƙƙin amana ne, nasa da na maƙwabta. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace. Karya mai jego kuma a hana yara zuwa kusa da ita, ko wace uwa tana da faɗa a kan 'ya'yanta.

Barsu ta tashi. Likitan ya ce a ƙara mata abinci da ruwa, a kuma lura ko za ta fara rawar jiki da sandarewa a makonnin farko, domin ƙananan karnuka masu shayarwa sukan yi haka in nono ya tsotse musu sinadarin ƙashi. Allah ya kiyaye, ba ta yi ba. Kwana biyu da haihuwar na kama Gwaggo tana juye ragowar kunu a kaskonta. Da ta ga na gan ta sai ta tsuke fuska ta ce, "Mi kika kallo? Ko karya ta, ai mai jego ta." Wajen mako biyu 'ya'yan suka buɗe ido. Da suka yi wayo wani makiyayi ya karɓi biyu, ɗaya yana nan gidan tare da uwarsa.

Maƙwabciyata kuwa sai da na yi kwana bakwai kafin na iya shiga gidanta. Na durƙusa na ce, "Inna, gaskiya kinka hwaɗi. Ina nan ranar, kuma ban yi komi ba. Ki gahwarta min." Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce Allah shi gafarta muna baki ɗaya. Ban ce zuciyarta ta huce ba, ban kuma cancanci in nemi hakan ba. Abin da dai muka yi, mu matan gidajen nan huɗu da ke jere, mun ajiye lambar masu mota biyu a wayoyinmu. Mun kuma yi shawara duk wadda cikinta ya kai wata bakwai, a nemi iznin mijinta tun lokacin, a gaban mahaifinsa, cewa in naƙuda ta zo ba ya nan za a fita da ita. Wadda ta fara da safe, in rana ta faɗi ba ta sauka ba, babu sauran shawara. Gwaggo ce mai duba lokacin, ita da ta ce mini in tashi in koma ɗaki.

To 'yar uwa mai yatsine fuska, ga shi mun kai ƙarshe, hukunci na hannunki. Roƙona ɗaya ne. Duk daren da kika ji nishi ta bayan katanga, ko daga ɗaki ya fito ko daga gindin rumbu, ki yaye bargon ki ɗauki tocila ki je ki duba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa, ya yafe mana abin da muka gani muka kau da kai. Amin.

Taku har kullum.